Kafin a manna maka jan ɗigo a gefen hoto

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka shiga baje kolin hotuna da zane-zane, wani hoto ya kwanta maka a rai, a ƙasansa an rubuta 3/10, kuma kuɗinsa ya fi na zanen hannu da ke rataye kusa da shi. Kana tambaya ko abin da za a iya sake bugawa ya cancanci wannan kuɗi, da kuma me za ka duba kafin ka biya.

Bari mu fara da lambar, don a nan sababbin masu saye suka fi yin tuntuɓe. 3/10 na nufin kwafi na uku cikin goma da mai hoton ya yi alkawarin ba zai wuce su ba, kuma wannan alkawari shi ne rabin abin da kake biya. Sai dai goman ba kullum take tsayawa goma cif ba. Akwai kwafin da mai aikin ke ware wa kansa, ana rubuta musu AP, yawanci ɗaya ko biyu a bugun goma, su ma sukan fito kasuwa daga baya. Sannan hoto ɗaya kan samu bugu daban-daban gwargwadon girma. A ce goma a ƙarami, biyar a matsakaici, uku a babba, ka ga an kai 18 ke nan ban da AP. Saboda haka ka tambayi masu zauren baje kolin kai tsaye: kwafi nawa ne gaba ɗaya, a kowane girma, har da na mai hoton? Amsar kuma a rubuta ta a rasit, kada ta tsaya a baki.

Kada ka ɗauka tsanani ne. A 2012 William Eggleston, fitaccen mai ɗaukar hoto na Amurka, ya sake buga wasu tsofaffin hotunansa a girma mafi faɗi da sabuwar hanyar bugu, aka yi gwanjonsu a Christie's. Wani da ya tara ƙananan bugun farko masu lamba ya kai ƙara, yana cewa an rage wa nasa daraja. A 2013 kotu ta kori ƙarar, a kan cewa sabon girma da sabuwar hanyar bugu wani aiki ne daban.

Lamba 3 ba ta fi 9 kyau ba idan hoto ne, duk daga tushe ɗaya suka fito. Bambancin kawai shi ne zaure da yawa suna ƙara kuɗi yayin da kwafin ke ƙarewa, don haka na farko-farko sun fi sauƙi. A zanen da ake karcewa a farantin ƙarfe ne lambar kan yi tasiri, domin farantin yana cinyewa da yawan bugu.

Sai shekarar bugu, wadda daban take da shekarar ɗauka. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe ɗakin ɗaukar hotonsa a 1948, abin da yake ba masu zuwa wurinsa ƙananan hotuna ne da za su shiga ambulan. Manyan bugun da duniya ta san shi da su sai a shekarun 1990 aka yi su, ya kuma rasu a 2001. Fuska ɗaya ce a jiki, amma wanda aka wanke a lokacin ɗauka, da wanda aka buga daga baya ya sa wa hannu, da wanda aka buga bayan rasuwarsa, kaya uku ne masu daraja uku. Ka tambayi shekarun biyu, ka tambayi wanda ya sa hannu da kuma inda ya sa, gaba ko baya.

Irin bugun ma yana da muhimmanci saboda tsawon rai. Baƙi da fari da aka wanke a takardar azurfa, idan an ɗauraye maganin sosai, yana daɗewa ƙwarai. Mai launi da aka wanke da magani rini ne a jikinsa, yana dusashewa a haske, ko a cikin duhu ma yakan koma rawaya-rawaya a hankali. Na firinta kuma ya danganta da tawadar: mai garin launi a kan takardar auduga tana jurewa, mai rini ba ta jurewa. Idan mai sayarwa bai san wace tawada ba ce, ya tambayo.

Ka je da gilashin ƙara girma mai ninki 10 da ƙaramar tocila. Idan aka ce maka zanen hannu ne, sai ka ga ɗige-ɗige masu launi jere cikin tsari kamar na hoton mujalla, bugun inji ne. Tocilar kuma ka kwantar da haskenta daga gefe, ya bi saman aikin kamar rana tana faɗuwa. Nan take karce, lanƙwasa, kumburi da wurin da aka yi ciko za su bayyana. A fentin mai za ka ga tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana. Akwai hotunan da ake bugawa a kan kambas, wato yadin da ake zane a kansa, a shafe su da wani abu mai ƙyalli don su yi kama da aikin buroshi, sai ka ga shatin buroshin ya bi gabas, zanen ya bi yamma. Ka kuma roƙi a juya maka bayan aikin. Tambari, tsofaffin takardun zaure, tabon ruwa da gyaran yagewa duk a baya suke.

Zanen littattafai da na barkwanci yana da nasa. Asalin shafin yakan zo da shatin fensir, farin gyara da rubutun edita a gefe, kuma waɗannan ba aibi ba ne, su ne ma shaidarsa. Baƙar tawadar zane tana daɗewa, amma tawadar alƙalamin launi, wato maka, tana dusashewa a haske cikin 'yan shekaru. Wanda aka zana a kwamfuta ba shi da asali a takarda sam, don haka dokar lamba da na faɗa a sama ce ta hau kansa.

A rasit ko takardar shaida a samu sunan mai aikin, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, girma, lamba da jimillar kwafi, da sa hannu. Ka sani kuma sayen hoto bai ba ka haƙƙin buga shi a kalanda ko riga ba, wannan yana hannun mai aikin sai in an rubuta akasin haka.

Amma a gaskiya abin da ya fi kashe kayan masu tarawa ba jabu ba ne, firam ne. Gilashi kada ya taɓa fuskar hoto. Da zarar laima ta shiga, fatar hoton takan manne da gilashin, ranar da aka zo rabawa sai ta biyo shi. Shi ya sa ake sa kwali mai taga a tsakani, kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa uku. Kwalin ya zama na auduga marar asid. Na banza za ka gane shi a bakin yankan tagar, inda farin ke komawa ruwan ƙasa, daga nan ya bar wa takardar ƙunar layi zagaye da hoton. Kada a bari salatif ko gam ya kusanci aikin, kada kuma a manne shi gaba ɗaya a katako. Ana maƙala shi ne daga sama kawai, da 'yan guntayen takardar Japan biyu da kullun sitacin alkama, ko a sa shi a 'yan aljihunan kusurwa, don takarda tana numfashi, tana buɗewa tana tsukewa. Idan aka ɗaure ta ta gefe huɗu sai ta yi tudu a tsakiya. Zanen gawayi ko na alli mai launi kuma a sa masa gilashi na gaske, domin na roba yana jan garin launin ya manne a jikinsa.

Gilashi mai tare hasken UV, wanda ido ba ya gani, yana taimakawa, amma ba ya hana dusashewa, rage ta yake yi, tunda hasken da ido ke gani ma yana ci. Gidajen tarihi suna tsayar da hasken da ke kan aikin takarda da fentin ruwa a wajen luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), fentin mai a 150 zuwa 200. Ɗaki mai taga da rana ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Idan ta daɗe sama da 65 funfuna za ta fara, sai jajayen ɗige-ɗige su fito a takarda. Ka guji bangon da ke jingine da banɗaki, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Ka manna 'yan ƙananan roba a kusurwoyin baya na ƙasa don iska ta riƙa wucewa, ka rataye da ƙusa biyu, tsakiyar hoton a tsayin santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa.

Game da ciniki, neman ragin kashi 10 ba abin kunya ba ne, biya kashi-kashi ma wasu zaure suna yarda. Amma kada ka zagaya ta bayan zauren ka nemi mai zanen ya sayar maka a ɓoye, yawanci raba kuɗin suke yi, kuma za ka ɓata masa ne da mutanen da ke tallata shi. Idan ka biya za a manna jan ɗigo a gefen aikin, alamar an sayar, ya ci gaba da zama a bango har a rufe baje kolin. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya a ranar, ka sake dubawa ranar karɓa kafin ka sa hannu. Wajen naɗewa kuma kada leda mai kumfa-kumfa ta taɓa fuskar fenti, musamman akirilik, don takan bar shatin ƙwayoyinta a jiki. A fara sa kwali a kusurwoyi da fuska, sannan ledar, kumfar tana kallon waje, a ɗauke shi a tsaye.