Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haɗa Taswirar Matuƙi a Wasan Jiragen Yaƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ni da abokaina uku mukan haɗu a ƙarshen mako a unguwarmu ta Rijiyar Zaki mu yi wasan tuƙin jiragen yaƙi na DCS World a kwamfuta. Jirgin da nake tuƙawa shi ne F-5E, wanda ba shi da allon da ke nuna wa matuƙi inda yake. Na ɗauko hoton yankin Kaukasus daga Google Maps, na ja layi daga birnin Batumi na ƙasar Jojiya zuwa inda za mu kai hari, na buga a takarda, amma duk tashin da na yi sai na ɓace. Ina kuskurena yake, kuma yaya zan haɗa taswirar da za ta yi mini amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kuskurenka na farko shi ne ka zana taswirar wata ƙasa alhali kana shawagi a kan wata. Kaukasus ɗin da kamfanin Eagle Dynamics ya gina a cikin wasan kwaikwayon na gaskiya ne kawai: an rage garuruwa, an sauƙaƙe hanyoyi, wasu ƙauyukan da Google ke nunawa babu su sam, wasu gadojin kuma ba a inda ka sa rai suke ba. Saboda haka tushen taswirarka dole ya fito daga cikin wasan. Ka buɗe sashen tsara aikin yaƙi, ko kuma ka danna F10 bayan ka shiga jirgi, ka tsayar da girman taswirar a mataki ɗaya, ka riƙa ɗaukar hoton allo kana matsawa kaɗan-kaɗan, ta yadda gefen kowane hoto zai hau kan na kusa da shi. Idan ka canza girman a tsakiyar aiki, hotunan ba za su ɗinku ba. Daga nan ka haɗe su a manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda kyauta ce, kuma ka tabbata sandar ma'aunin nisa ta fito a ciki, domin taswirar da ba ta da ma'auni ado ce kawai.

Abu na biyu, wanda nake kyautata zaton shi ne ya fi ɓatar da kai, shi ne bambancin arewa. Arewar da ke saman takarda daban, arewar da allurar kamfas ke nunawa daban, kuma a yankin Kaukasus allurar tana karkata gabas da kusan digiri 6. Idan karkatar ta gabas ce ragewa ake yi, wato layin da ka auna ya ba ka 096 a takarda, 090 za ka bi a kamfas. Kada ka raina wannan adadi, domin matuƙa suna da wani lissafi da suka haddace: kuskuren digiri 1 yana kawar da jirgi daga hanya da mil 1 bayan tafiyar mil 60. Ke nan mai kuskuren digiri 6 zai tsinci kansa mil 6 daga inda ya nufa, tazarar da ta isa dutse ɗaya ya shiga tsakaninsa da abin da yake nema. Akwai kuma ƙarin karkata da ke zuwa daga yadda aka shimfiɗe ƙasa mai kumburi ta zama faifai a cikin wasan, shi ya sa ni ba na dogara da lissafin littafi kaɗai. Nakan ajiye jirgi a kan titin tashi, na miƙar da shi daidai da layin tsakiya, na karanta kamfas, sannan na auna wannan titin da abin awo na taswirar F10. Bambancin da na samu shi ne nake rubutawa da manyan lambobi a kusurwar taswirata.

Sai zaɓen zango, wato wuraren da za ka juya akalar jirgi. Wanda ya taso a birni ya san amfanin Dala da Goron Dutse ga mai neman hanya, to irinsu ake nema a sama: abin da ba shi da na biyu kusa da shi, kuma ana hango shi daga nesa. Bakin kogin Rioni inda yake shiga Baƙin Teku a Poti zango ne mai kyau, haka ma madatsar ruwan Inguri. Ƙaramin ƙauye ko mahaɗar hanyoyi cikin daji ba su da tabbas, domin daga sama duk kamarsu ɗaya. Tsakanin zango da zango ka ja layi mai kauri, ka rubuta abubuwa uku a gefensa: inda kamfas zai nuna, nisan tafiya, da mintocin da za ta ci. Matuƙa suna son gudun da ke rabuwa da 60 ba saura, saboda mai gudun mil 360 na ruwa a awa yana cin mil 6 a minti ɗaya, mai 420 kuma yana cin 7. Ka yi wa layin tsaga a kowane minti, ka danna agogo da zarar ka wuce zangon farko, daga nan agogon ne zai gaya maka inda ya kamata ka kasance, ido kuma ya tabbatar. Mil ɗin ruwa mita 1,852 ne, kada ka cakuɗa shi da kilomita a takarda ɗaya. Da yake F-5E yana karɓar siginar tashoshin TACAN, waɗanda ke nuna wa matuƙi wajen da suke da kuma nisansu, ka rubuta lambobinsu kusa da filayen jirgin: Batumi 16X, Kobuleti 67X, Senaki 31X, Kutaisi 44X. Ranar da gajimare ya rufe ƙasa, su ne za su mayar da kai gida.

Idan za ka ba abokanka masu jiragen zamani lambobin wuri, ka faɗi salon da ka rubuta su. A lambobin wuri ana raba digiri gida 60 a kira kowanne minti, a raba minti gida 60 a kira kowanne daƙiƙa. Digiri 41, minti 36 da daƙiƙa 30 daidai yake da digiri 41, minti 36.5, amma wanda ya shigar da shi a matsayin 36.30 ya kauce da kusan mita 370. Danna Alt na hagu tare da Y a taswirar F10 yana sauya salon.

Game da kwalliya kuwa, ra'ayina shi ne a rage. Na ga taswirori masu launi bakwai da rubutu ko'ina, waɗanda mai su ba ya iya karanta komai a cikinsu da zarar abokin gaba ya biyo bayansa. Ka dusashe hoton ƙasar, ka ajiye hanya da rubutu a shimfiɗa (layer) dabam a manhajar zane ta Inkscape ko GIMP don ka iya sauya su gobe, ka bar ja ga wuraren haɗari kaɗai, kamar da'irar da makaman kakkaɓo jirage ke kaiwa. Ka adana shafin a tsaye, faɗi pixel 768 tsawo 1024, a matsayin PNG ko JPG, ka saka shi a foldar Kneeboard da ke cikin DCS a ƙarƙashin Saved Games, idan babu ita ka ƙirƙira. Shift na dama tare da K zai fito maka da shi a matsayin allon gwiwa, kamar wanda matuƙan gaske ke ɗaurawa a cinya. Ka sa wa shafukan suna 01, 02, 03 don su jeru yadda kake so. Fayil ɗin aikin yaƙi mai ƙarewa da miz kuwa zip ne aka sauya wa suna, don haka idan ka saka hotunan a foldar IMAGES cikin KNEEBOARD a cikinsa, duk abokanka za su gan su.

TAMBAYA: Malam, daga Fagge nake rubutowa. Shin zan iya saka Kano cikin wasan, in tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano?

AMSA: Malama, zana taswirar hanya daban, gina ƙasar da ake shawagi a kanta daban. A DCS World kamfanin da waɗanda ya ba izini ne ke gina ƙasa, kuma babu Najeriya cikin yankunan da suka fitar. Idan burinki ki ga Kano daga sama ne, Microsoft Flight Simulator na 2020 da X-Plane da FlightGear sun ƙunshi duniya baki ɗaya, sai dai ba don yaƙi aka yi su ba. A can ki nemi filin da lambarsa DNKN, wato na Malam Aminu Kano. Da yake waɗannan wasanni daga bayanan ƙasa na gaske aka gina su, a nan ya halatta ki ɗauko taswira daga waje: ki buɗe manhajar haɗa taswira ta QGIS, ki ɗora hanyoyi da koguna daga OpenStreetMap, ki ƙara bayanan tudu da kwari na SRTM da kumbon Endeavour ya tattara a 2000, ki zaɓi shiyya ta 32 ta arewa a tsarin raba taswirar duniya shiyya-shiyya na UTM, wadda Kano ke cikinta. Zangonki na farko ya zama madatsar ruwan Tiga, domin ko kin sa wa wasan hazo irin na hunturu, faɗin ruwan zai bayyana kafin komai.