Me Ke Damun Iyaye Maza a Romaniya?

Tambaya: Malamai, me ke ƙuntata wa magidanta a Romaniya har ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsu?

Amsa: Ɗaya daga cikin manyan abubuwan shi ne ci-rani. Tun shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2007, ɗimbin maza ke aiki a Italiya, Sifaniya da Jamus, sun bar 'ya'ya a gida. Kewa da kaɗaici kan tura wasu ga giya, ita kuwa ƙara lalata barci take yi.

Sai lokacin haihuwa. Doka ta ba uba hutun ranakun aiki 10, da ƙarin 5 in ya yi kwas ɗin renon jariri. A ganinmu kada ya bar ko ɗaya. In ƙunci, saurin fushi ko rashin barci suka wuce mako 2, ya ga likitan iyali. In tunanin kashe kai ya zo, a kira lambar gaggawa ta 112 nan take.