Tambaya da Amsa: Bam ɗin Pakistan da wutar Najeriya

Tambaya: Malam, ana cewa Pakistan ba ta fi mu arziki ba, amma tana da bam ɗin nukiliya. Mu nan Argungu wuta kan yi kwana uku ba ta leƙo ba, da dizal nake tayar da injin casar shinkafa. Me ya hana Najeriya bin sahunta, ta samu wuta da tsaro lokaci guda? Daga wani mai casar shinkafa, Argungu.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Bam da wutar nukiliya uwarsu ɗaya, wato yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, amma hanyarsu ta rabu. Na tashar wuta ana tace shi har nau'in da ke ba da ƙarfi a cikinsa ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, na bam kuwa sai ya kai wajen 90.

Tsoro ne ya kai Pakistan ga bam. A 1971 Indiya ta ci ta da yaƙi, gabashin ƙasar ya ɓalle ya zama Bangladesh, sannan a 1974 Indiya ta yi gwajin bam ɗinta na farko. Tun kafin nan Zulfikar Ali Bhutto, wanda daga baya ya shugabanci Pakistan, ya ce ko ciyawa za su ci sai sun mallaki nasu. Masanin kimiyya Abdul Qadeer Khan ya kafa matatar yuraniyam a Kahuta, kuma ranar 28 ga Mayu, 1998 suka yi gwaji a tsaunukan Chagai, makonni biyu bayan Indiya ta sake nata. Takunkumin Amurka ya biyo baya. Wutar nukiliyar da suke sha yau kuwa daga tashoshin Chashma da Karachi take, waɗanda Sin ta gina musu. Duk da haka ana ɗauke wuta a can.

Mu wa za mu jefa wa? Masu hana mu barci suna dajin Zamfara da ƙasar Zuru, kan babura, kuma bam ba ya bambance ɗan bindiga da manomin da ya sace. Ga alkawari kuma: Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya a 1968, da ta Pelindaba a 1996, wadda ta haramta su a Afirka.

Batun wuta ne ya fi ci mini rai. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa tun 1976, amma abin da ke hannu shi ne 'yar tukunyar nukiliya (injin da ke fitar da makamashi daga yuraniyam) ta bincike, mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. An ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, har yau ba a ga tasha ba.

Ko an gina, akwai wani cikas. Tukunya ɗaya ta zamani tana ba da megawat 1,000 ko fiye, babban layin wutar ƙasa kuwa da ƙyar yake raba 5,000, kuma yakan durƙushe. Injiniyoyi ba sa son tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layi, don in ta tsaya ba zato, sai ta ja ƙasar duka cikin duhu. Kamar ka ɗora buhu hamsin ne kan amalanken da gatarinsa ya tsage. A ganina a fara da gyaran wayoyi da taransifomomin da ke kawo wutar Kainji zuwa Birnin Kebbi, a ƙara da hasken rana a unguwannin masu casa irinku.