Ruwa ya cinye mu da damina, kuma muna sayen na sha da tsada: laifin yawan jama'a ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune da iyalina a unguwar Agiliti. Duk shekara ruwa kan shigo mana ɗaki, amma na sha sai mun saya a hannun mai ruwa, kuɗin jarka kuwa kullum hawa yake yi. Rijiyar gidanmu ma ta fara wari. Wasu na cewa mutane ne suka yi wa Legas yawa, har da masu cewa mu baƙi ne muka cika garin. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma me za mu iya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi.

Maganar yawa gaskiya ce. A ƙidayar 1963 birnin Legas kansa bai kai mutum miliyan ɗaya ba. A ta 2006 an ce jihar tana da kimanin miliyan 9, gwamnatin jihar ta ƙi yarda, ta ce sun haura miliyan 17. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, amma hasashen da ake yi yau yana kamawa daga miliyan 15 zuwa sama da 20. Duk wannan taron a jihar da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma kaso mai yawa na ƙasar tata ruwa ne da dausayi. An mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, amma tashar jirgin ruwa ta Apapa da masana'antu da manyan kasuwanni suna nan, don haka mutane ba su daina zuwa ba. Suna zuwa daga Ibadan da Aba da Benin kamar yadda suke zuwa daga Kano da Sakkwato, ga kuma 'ya'yan da ake haifa a nan. Mai ɗora wa ƙabila ɗaya laifi bai duba lissafin ba. Hausawan Agege da Idi-Araba sun haifi 'ya'ya da jikoki a garin nan.

Sai dai ni a ganina, yawan shi kaɗai bai isa ya bayyana halin da kake ciki ba. Abin da ya faru shi ne mutane sun ninku sau da yawa, bututun ruwa da magudanai ba su bi su ba. Matatar ruwa ta Iju tun 1915 aka buɗe ta, daga baya aka ƙara ta Adiyan da wasu ƙanana, amma abin da ake tacewa bai kai rabin buƙatar garin ba, kuma yawancin gidaje ba su taɓa ganin ruwan famfon gwamnati ba. Shi ya sa kowa ya koma haƙar tasa rijiyar ko bohal, wanda bai da hali kuma ya jira mai kura.

Nan ne warin rijiyarka ya samo asali. Ka duba tsakar gidanku da kyau. A irin gidajen hayar nan na ɗaki-ɗaki, inda iyali goma ko fiye ke amfani da banɗaki ɗaya, za ka tarar taku biyar ko shida ne tsakanin bakin rijiya da ramin shadda. Ko naku ya yi nisa, na maƙwabci yana bayan katanga. A unguwa irin taku ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa da sama ƙwarai, ƙasar kuma yashi ce da laka, to da damina ta yi nisa sai ramin ya cika, ƙazantar ta riƙa tsattsafowa ta gangara cikin rijiya. Ma'aikatan lafiya kan so a bar aƙalla mita 30 tsakanin biyun, wanda a fulotin Legas kusan ba ya yiwuwa. Ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gida, kuma ba a manta da ɓarkewar kwalara da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ba. Can wajen Lekki da Ajah matsalar wata ce daban: yawan zuƙar ruwa daga ƙasa yana janyo ruwan gishiri na teku ya kutso cikin bohal.

Ambaliyar kuma tushensu ɗaya da matsalar ruwan sha. Ruwan saman da ke sauka a Legas ya kusan ninka na Kano, kuma a da fadamu da dausayi ne ke shanye shi kamar soso, su sake shi a hankali zuwa cikin tafkin Legas. Da gari ya cika, sai aka cike waɗannan wuraren da yashi da shara aka yi gini a kai, talaka don nan ne fili ke da araha, mai kuɗi kuma don yana son gida a bakin ruwa. Aka shafe tsakar gidaje da siminti. Ruwan ya rasa inda zai nutse. Kwatocin da suka rage kuma leƙa ka gani: ledar fiya wata, robar lemo, farar robar zuba abinci da gwamnatin jihar ta haramta a Janairun 2024. Hukumar kwashe shara, LAWMA, takan ce garin na fitar da kimanin tan 13,000 na shara a kullum, jujin Olusosun da ke Ojota kuwa gidaje sun riga sun kewaye shi. Ku mutanen Agiliti da Isheri da kasuwar Kara kuna da ƙarin nauyi, domin a bakin Kogin Ogun kuke. Idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, yakan iso muku ko da ba a yi ruwan sama a unguwarku ba.

Abin da ke hannunka yanzu: rijiyar da ta fara wari kada a sha, kada a yi girki da ita, kada yara su wanke baki da ita. A bar ta ga wanki da share-share. Ruwan mai kura ma ba tabbas, don sau da yawa daga bohal ɗin wani gida ya ɗebo, jarkokin kuma ba kullum ake wanke cikinsu ba. A tafasa na sha sosai, ko a sa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis gwargwadon yadda aka rubuta a jiki, a adana a mazubi mai murfi. Ku 'yan haya ku haɗa baki ku sa mai gida ya kira motar zuƙe shadda kafin ruwan Yuni, a ɗaga bakin rijiyar da bulo a yi mata murfi. Yasar kwata kuwa sai an yi ta layi guda, in kai kaɗai ka yashe ƙofar gidanka ruwan a gabanka zai tsaya, don haka ku kai maganar masallaci da wurin shugabannin unguwa. Idan yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a garzaya asibiti, kada a jira gari ya waye.

In kuma Allah ya hore maka canza gida ko sayen fili, ka je ka ga wurin a watan Yuli ko Oktoba, ba da rani ba. Ka duba jikin katangu, layin da ruwan bara ya bari yana nan, kuma ka tambayi masu shago na layin har ina ya kai.