Na biyu ya fi na farko a finafinan Frankenstein na baƙi da fari

Malam, ka tambaya ko cigaban Frankenstein na 1931 ya cancanci kallo, ko kuwa kamfanin Universal kuɗi kawai ya bi. Ka kalli na 1935, Bride of Frankenstein, a ganina ya fi na farko nesa ba kusa ba. James Whale ne ya sake ba da umarni, Boris Karloff kuma ya sake fitowa a dodon da masanin kimiyya Frankenstein ya ƙera. A nan dodon ya koyi magana. Wurin da wani tsoho makaho ya karɓe shi a bukkarsa, ya ba shi abinci ya kira shi aboki, tausayi zai kama ka fiye da tsoro. Amaryar da aka ƙera masa, wadda Elsa Lanchester ta fito a matsayinta, 'yan mintoci kawai ta yi a ƙarshen fim, tana ganinsa ta ƙwalla ihu.

Na 1939, Son of Frankenstein, shi ma yana da kyau, musamman Bela Lugosi a matsayin Ygor, mugun maƙerin da ke juya dodon, kuma daga shi Karloff ya daina fitowa a dodon. Na shekarun 1940 sun yi rauni, an riƙa cusa dodanni da yawa a fim guda. Waɗannan ka bar su sai daga baya.