Filin Tambaya da Amsa: Wa zan ɗauka ya riƙe mini bayanan kamfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna rarraba taki da maganin feshi daga sitonmu na Kakuri zuwa ga dillalai a Zariya, Saminaka da Kafanchan. Shekara bakwai ke nan muna shigar da kowane ciniki a Excel, yanzu fayil ɗin da ƙyar yake buɗuwa. Ɗana ya ce in ɗauki masanin kimiyyar bayanai, wai su ake yayi. Mutum ɗaya zai isa? Daga wani ɗan kasuwa a Kakuri.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai ya kama rufin ɗaki tun ba a haƙa tushe ba.

Shafi ɗaya na Excel layi 1,048,576 yake ɗauka, kuma tun kafin a kai nan kwamfuta take fara nishi. Don haka mutum na farko da kake buƙata shi ne injiniyan bayanai, wanda zai kwashe cinikin nan ya zuba a rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, ya shirya yadda lissafin kowane sito zai riƙa shiga da kansa kullum. Dole ya iya SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, ya kuma taɓa Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. Amma abin da zai fi cinye masa lokaci shara ce. Na taɓa yi wa wani kamfani irin naka aiki, na tarar da dillali ɗaya ya zama mutum huɗu: Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mohd. Lambar wayarsa kuwa Excel ya haɗiye sifilin farko, 0803 ta koma 803. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Tudun Wada. Wani ya rubuta T/Wada, wani Tudunwada, ba wanda ya ce ta Kaduna ce ko ta Zariya. Sai da na yi kwana uku zaune kusa da mai kula da sito, ina karanto suna yana cewa "wannan na Zariya ne, ɗan Alhaji wane", kafin lissafin ya daidaita. Da an miƙa wa masanin da ɗanka ke faɗa wannan kwamacalar, da kwamacala zai mayar maka, illa dai cikin zane mai launi.

Na biyu shi ne mai nazarin bayanai. Aikinsa ya amsa tambayoyinka: wane dillali ne ke jan bashi har bayan kaka, wane wata NPK ke ƙarewa, yaushe manoman masara ke komawa neman yuriya. Power BI ko Tableau, manhajojin da zai riƙa mayar da lissafi zane da su, ana koyonsu cikin 'yan watanni. Sanin cewa ruwa yana riga sauka a Kafanchan kafin Zariya, don haka odar can take fara shigowa, wannan ba a koyar da shi a kwas. Shi ya sa nake ba ka shawara ka duba cikin yaranka tukuna. Akawun da ya shekara biyar yana rubuta rasit, in yana da kai, ka biya masa kuɗin horo. Ya fi baƙon da bai san buhun taki daga buhun gishiri ba. Sai ka gwada shi da abu ɗaya: zai iya yi maka bayanin abin da ya gano da Hausa cikin minti biyu?

Masanin kimiyyar bayanai shi ne na hasashe, mai amfani da ilmin ƙididdiga ya ce buhu nawa za a nema a damina mai zuwa. Ka ɗauke shi kwangila idan sauran sun zauna da gindinsu. In wani ya zo yana ambato maka Hadoop da Spark, ka ce ya bari tukuna. Waɗannan kayan aikin bankuna ne da kamfanonin waya masu miliyoyin mu'amala a rana.

Akwai kujera ta huɗu da 'yan kasuwarmu ke mantawa da ita. Tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a da hukumar NDPC mai sa ido a kai. Lambobin wayar dillalanka da na asusunsu amana ce. A sa mutum ɗaya ya san wa ke da izinin buɗe me, a kuma daina tura fayil ɗin gaba ɗaya ta WhatsApp.

Tambaya: Na gama karatun ƙididdiga a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU), ina zaune a Kawo ba aiki. Da me zan fara? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, rabin aikin kin riga kin yi. Fara da SQL, ki bi da Power BI, Python ta biyo baya. Ki riƙa bibiyar shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da mutane fasahar zamani, da aka buɗe a 2023, akwai nazarin bayanai a cikin darussansa. Kafin nan, ki roƙi mai kantin unguwarku littafin cinikinsa na wata shida, ki shigar a kwamfuta, ki gyara kura-kuransa, ki nuna masa kayan da ke kwana a kanta. Ranar ganawar neman aiki, ki ɓoye sunayen masu bashi, ki tafi da shi.