Amsa ga Baba Alhaji kan na'urar terahas

Salamu alaikum. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka ce ko za a iya kawo na'urar terahas ɗin nan Aboabo, nan Kumasi, ta auna mana iska. Na gane inda ka dosa. So kake a faɗa maka hayaƙin wa ke sa jikokinka tari, na masu babbakar ganda da taya ko na motocin hayan nan, trotro. To ba a ɗaga ta sama ta nuna mai laifi, Baba.

Terahas haske ne da ido ba ya gani, yana tsakanin maikirowef da infirared. Ƙurar da ke cikin hayaƙin kuwa, wadda ake kira PM2.5, faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba, alhali silin gashi ɗaya ya kai kamar 70. Shi ya sa take zarcewa har can cikin huhu. Sai an sa inji ya yi ta zuƙar iska ta cikin takardar tacewa, fara fat, ta wuni ta kwana, a ciro ta ta yi toka-toka. Ita ake haskawa a ɗakin gwaji. Abin da ƙurar ta shanye na hasken, da yadda ta jinkirta shi, shi ke nuna yawanta, wani sa'in har da alamar abin da ke ciki. Masu bincike a Sin sun gwada da ƙurar Beijin. Kuma fa hasken ba ya shiri da ruwa, tururin iska ma shanye shi yake, dole a busar da akwatin gwajin. Ga laimar Kumasi kuwa... bar wannan.

Ni abin da ke ci mini rai, tun yaushe na ce ƙungiya ta sayi ƙaramin ma'aunin ƙurar nan mai arha mu kafa a rufin makaranta? Aka ce yaro ya zo da boko. Kanofi aka saya! Kanofin yana ina yanzu? Ruwan farko ya yaga shi. Da tuni mun san lokacin da ƙura ke tashi, ko da asuba ne in an kunna taya, ko da hunturu in hazo ya taso daga Bodele ta Chadi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kada matsakaicin PM2.5 na yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik. Mu nawa muke shaƙa? Kanofi zai faɗa mana?

Ma'aji, na ga ka saurara, ka yi shiru. Ranar Lahadi a sa maganar a ajanda.